Slack: Kalmar Da Ta Tashi Daga Zagi Ta Koma Wando, Har Ta Kai Wata Malama Gidan Yari

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma waɗanda dama sun fi son karatu.

Yau kalma ɗaya tak za mu bi, kalmar Ingilishi mai harafi biyar: slack. Da yawanmu mun taɓa jin ta. Robar wando ta saki, sai ka ji an ce ta yi slack. Abokinka zai ce maka da Turancin buroka kada ka yi slack, wato kada ka yi sanya dama ta wuce ka. Masu aikin kwamfuta kuma sun san wata manhaja mai wannan suna. To amma in ka buɗe babban ƙamus na Ingilishi, sai ka ga abin ya wuce nan. Kalmar tana nufin igiyar da ba ta ɗame ba, tana nufin lokacin da ruwan teku ya tsaya cik, tana nufin garin kwal, tana nufin malalaci, in kuma ka ƙara mata harafin s a ƙarshe sai ta koma wando. Da sunan wannan kalma aka kama dubun-dubatar maza a birnin New York a 1918. Saboda wandon da ke ɗauke da sunanta aka yanke wa wata malamar makaranta ɗaurin kwana biyar a 1938. Don haka ba ƙaramar kalma ba ce.

Bari mu faro daga tushe. Kalmar tana cikin tsohon Ingilishi, wanda aka yi magana da shi a Ingila sama da shekara 1000 da ta wuce, kafin Normawa su ci ƙasar da yaƙi a 1066. A lokacin, mutum ake sifantawa da ita. Wanda ba shi da kuzari, mai jan ƙafa, mai sakaci da abin da aka ɗora masa. Wato a rubuce-rubucen da suka iso mana, zagi ta fara zama. Sai wajen shekarar 1300 aka fara ganin ta a kan kaya, kamar igiya ko linzami da ya yi sako-sako. Abin lura ne wannan, domin mutum zai zaci daga igiya aka ɗauko ta aka jingina wa malalaci. A takarda dai malalacin ne ya riga igiyar.

Tana da dangi da yawa. Mutanen arewacin Turai na da, su Bikin masu jiragen ruwa, suna da irinta a harshensu. Masana harshe kuma sun haɗa ta da wata kalmar Latin, laxus, mai nufin sakakke. Daga wannan laxus ɗin ne Ingilishi ya samo relax da kowa ya sani, da release, da laxative, wato maganin da ke sakin ciki. Har ma da lease, hayar gida ko fili, domin mai abu ya saki abinsa na ɗan lokaci. Akwai masana da dama da ke ganin sunan zomo a tsohon harshen Girka, lagos, daga wannan saiwa ya fito, ma'anarsa mai sakakken kunne. Kafin wani ya rubuto mana a ƙasa, a'a, ba shi da alaƙa da Legas ɗinmu. Wancan sunan 'yan Fotugal ne suka raɗa, daga kalmarsu ta tafkuna.

Akwai kuma ƙanwarta, slake. Bature in ya sha ruwa bayan ƙishi, da wannan kalma yake faɗa, wato ya sassauta ƙishirwar. Mu kuwa ba ma wasa da ita, kashe ta muke yi.

Inda kalmar ta samu gindin zama sosai shi ne teku. Ku tuna a ƙarni na 18 da na 19 ƙarfin Ingila duk a kan jirgin ruwa yake, kuma jirgin wancan zamani iska ke tura shi, da manyan filafilai na zane da igiyoyi ɗaruruwa. Rayuwar matuƙi gaba ɗaya ita ce ja da saki. A bakin waɗannan matuƙa ne kalmar ta zama suna, ba sifa kaɗai ba. Ɓangaren igiyar da ya rage yana reto shi ne slack, kuma an same shi a rubuce da wannan ma'ana a ƙarshen ƙarni na 18. Sannan akwai slack water. Ruwan teku yana cikowa yana janyewa, galibi sau biyu a yini, to a tsakanin cikowa da janyewa akwai ɗan lokacin da ruwan ba ya gudu ko'ina. Wannan ɗan lokacin ne matuƙa ke jira su shige mashiga mai haɗari, kuma har yau masu ninƙaya ƙarƙashin ruwa da shi suke lissafi.

A nan ne ma'anar ta rabu gida biyu, kuma duk sauran labarin a kan wannan rabuwa ya ginu. Igiyar da ta yi sako-sako a inda bai kamata ba tana iya kashe mutum, domin in iska ta fizgi filafili ta ɗame lokaci guda, ko ta tsinke ko ta yi bulala da wanda ke kusa. Amma igiyar da aka ɗame ƙam babu ko ɗan rara ita ma tsinkewa take yi. Jirgin da aka ɗaure a bakin gaɓa dole a bar wa igiyarsa rara, in ba haka ba ruwa na janyewa sai jirgin ya rataye. Duk wanda ya taɓa ɗaure akuya ya san wannan. Ɗan acaɓa ma ya sani, in bakanike ya ɗame masa cen fiye da kima, kwana kaɗan zai ci haƙoran siraket.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na jirgin ƙasa. Kun taɓa jin ƙarar nan da jirgin kaya yake yi in zai tashi, ƙwaram, ƙwaram, ƙwaram, tana bin taragu daga gaba har baya? Wannan ƙarar slack ce. An bar ɗan rara a mahaɗar kowane tarago da na bayansa. Kan jirgi ba zai iya fizgar taragu hamsin masu nauyi daga tsaye a lokaci guda ba. Sai ya ja na farko shi kaɗai, rarar ta ƙare, na farko ya ja na biyu, haka har ƙarshe. Wato da wannan sakin jirgin yake samun tashi. Amma direban da bai iya sarrafa ta ba, in ya taka birki ba tsari, taragun baya su rugo su daki na gaba, ana iya tsinka mahaɗa ko a sauka daga layi.

Masana tattalin arziki sun ari wannan hoton. In suka ce akwai slack a ƙasa, suna nufin akwai ma'aikata da injina da ke zaune ba a amfani da su. Shekaru da dama manyan kamfanoni suna koyi da tsarin Toyota na kada a tara kaya a sito, a kawo kowane abu daidai lokacin da ake bukatarsa. An ɗauki rara a matsayin asara. Da korona ta zo a 2020, sannan jirgin dakon kaya Ever Given ya toshe mashigin Suwez na kwana shida a watan Maris 2021, sai aka ga masana'antu suna tsayawa saboda rashin ƙaramin abu guda. Manomin da yake barin hatsi a rumbu ba zai yi mamakin wannan ba.

To ina wando ya shigo?

Sai mun koma yadda mazan Turai suke sa kaya a ƙarni na 18. Mai hali ba ya sa dogon wando. Ɗan guntun wando yake sawa matsattse, iya gwiwa, a ɗaure shi da maɓalli, sannan doguwar safa ta rufe ƙwauri. Dogon wando mai walawa na matuƙan jirgi ne da leburori. Shi ya sa a juyin juya halin Faransa da ya fara a 1789 ake kiran talakawan Faris da suna mai nufin marasa guntun wando. Yaƙe-yaƙen Napoleon ne suka sauya lissafi. Soja mai tafiyar ƙasa ta mil ɗaruruwa ba ya bukatar abin da zai matse masa gwiwa. Zuwa farkon shekarun 1820 sojan ƙasa na Birtaniya ya koma dogon wando. Kuma a 1824 ne aka fara samun kalmar slacks a rubuce da ma'anar wando mai walawa, a bakin sojoji. Manya ba su karɓi abin da wuri ba. Akwai labarin da ake bayarwa cewa shi kansa Wellington, wanda ya ci Napoleon da yaƙi a Waterloo a 1815, an taɓa mayar da shi daga ƙofar wani gidan rawar masu sarauta a Landan saboda ya zo da dogon wando.

Mu da muka gaji buje, wandon da hantsarsa kaɗai za ta ɗinka wa yaro riga, wannan rigima sai ta ba mu dariya. A wurinmu yalwar yadi ita ce alamar girma. A wurinsu a lokacin, matsewa ce alamar girma, domin tana nuna tela ya auna ka kai kaɗai, kuma ba ka sunkuyawa ka ɗauki kaya.

Shekara ɗari bayan haka kalmar ta shiga kasuwa a Amurka. Wani ɗan ƙasar Labanan mai suna J. M. Haggar, wanda ya yi ƙaura zuwa Amurka yana matashi, ya kafa kamfanin ɗinkin wando a birnin Dallas na jihar Texas a 1926. Tsararrakinsa ne fa waɗanda jirgi ya kawo Afirka ta Yamma, Kwarorin da suka yi kasuwar yadi a Kano. Shi nasa jirgin can ya nufa. A lokacin namiji ɗan Amurka ko dai ya sa kwat da wandonta na yadi ɗaya, ko ya sa kayan aikin ƙarfi. Haggar ya shiga tsakiya, wando mai kyau wanda ba shi da kwat, a farashin da ma'aikaci zai iya saya. Kamfanin ya tallata shi da sunan slacks, wai wandon da ake sawa a slack time, lokacin hutu. Za ku ga an rubuta a wurare da yawa cewa su suka ƙirƙiri kalmar. Ba haka ba ne, kalmar ta girmi kamfanin da fiye da shekara ɗari. Abin da suka yi shi ne yaɗa ta, kuma sun yaɗa ta ƙwarai.

Akwai wani faifan murya da Amurkawa ke dariya da shi har gobe. Ranar 9 ga Agusta 1964 shugaban ƙasa Lyndon Johnson ya ɗaga waya daga fadar White House ya kira ɗan gidan Haggar da kansa, yana odar wando guda shida. Na'urar naɗar magana tana aiki. Ya nemi a zurfafa masa aljihu domin in ya zauna kuɗinsa da 'yar wuƙarsa suna zubewa, ya kuma yi bayani dalla-dalla, da kalmomin da ba zan maimaita a nan ba, cewa a ƙara masa yalwa a hantsa domin tana takura masa. Kwana biyu kacal kafin wannan wayar majalisa ta ba shi ikon faɗaɗa yaƙi a Biyetnam. Mutum yana riƙe da wannan iko, amma matsalarsa ta wannan rana irin wadda kowa ke kai wa telan unguwa ce.

Yanzu mu koma ɓangaren zagi, domin bai mutu ba. A ƙarshen ƙarni na 19 aka samu slacker, mai zille wa aiki. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914 sai kalmar ta yi kaifi. Birtaniya ba ta tilasta shiga soja ba sai a 1916, don haka kafin nan kunya aka riƙa amfani da ita. 'Yan mata suna bin samari a titi suna miƙa musu farin gashin tsuntsu, alamar ragwantaka, jaridu kuma suna kiran su slackers. An miƙa wa sojojin da suka dawo hutu cikin kayan gida, an miƙa wa waɗanda aka sallama saboda rauni.

A Amurka abin ya fi muni. Ƙasar ta shiga yaƙin a watan Afrilu 1917, a watan Mayu aka yi dokar tilasta rajista, ranar 5 ga Yuni maza 'yan shekara 21 zuwa 30 suka yi layi, kusan mutum miliyan 10. Kowa aka ba shi kati. Da yake masu iyali suna iya samun sassauci, sai aure ya yi yawa a wannan bazarar, jaridu suka raɗa masa auren slacker. Gwamnati ba ta da isassun jami'an da za su bi kowa, sai ta jingina da wata ƙungiyar 'yan sa-kai mai suna American Protective League, mai mambobi wajen 250,000. Fararen hula ne, 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis, an ba su baji, suna tare mutane suna tambayar kati.

Ranar 3 ga Satumba 1918 aka fara samame mafi girma a New York, aka kwana uku ana yi. 'Yan ƙungiyar da sojoji da 'yan sanda suka tare ƙofofin tashar jirgin ƙasa, gidajen kallo, gidajen abinci, har shagon aski. Duk namijin da ya yi kama da ɗan shekarun soja kuma babu kati a aljihunsa, sai a jefa shi mota. An tsare dubun-dubatar mutane a barikoki, wasu suka kwana a tsaye, babu takardar kamu daga kotu. Da aka tace, sai ga shi mafi yawansu sun yi rajista, katin kawai suka bari a gida, wasu ma shekarunsu ba su cikin dokar. Sanatoci suka yi ca a majalisa. Bayan wata biyu yaƙin ma ya ƙare. Ni abin da nake gani a nan shi ne aikin da kalmar ta yi. Da an ce za a kama duk wanda ya manta takarda a gida, mutane za su ce zalunci ne. Da aka ce za a kama slackers, sai jama'a suka tsaya suna tafi, har sai da aka kama ɗan'uwansu.

Tabon kalmar ya bi wasu har bayan yaƙi. Jack Dempsey, zakaran damben duniya ajin masu nauyi daga 1919, bai je yaƙi ba. An taɓa ɗaukar hotonsa wai yana aiki a masana'antar ƙera jiragen ruwa don taimakon yaƙi, sai masu ido suka hango takalmin gayu mai sheƙi a ƙafarsa a ƙarƙashin kayan aikin. Aka gurfanar da shi a San Francisco a 1920 kan zille wa aikin soja, kotu ta wanke shi, amma bakin mutane bai wanke shi ba. Mai shirya dambe Tex Rickard ya ga kuɗi a cikin wannan ƙiyayya. Ya haɗa shi da Georges Carpentier, Bafaranshe matuƙin jirgin sama da ya samu lambobin yabo a yaƙin. Ranar 2 ga Yuli 1921 a Jersey City aka kara, kuma shi ne damben farko a tarihi da kuɗin ƙofa ya haura dala miliyan ɗaya. Amurkawa da yawa sun biya kuɗi ne don su ga baƙo ya doke ɗan ƙasarsu. Dempsey ya kwantar da shi a turmi na huɗu.

Sai batun mata, wanda shi ne ya fi daɗewa ana ja. A birnin Faris akwai wata doka ta 'yan sanda tun 1800 da ta ce macen da ke son sa kayan maza sai ta nemi izini a rubuce. Shahararriyar mai zanen dabbobi Rosa Bonheur ta riƙe irin wannan takarda, domin aikinta yana kai ta mayanka da kasuwar dawaki. An daina aiki da dokar tuntuni, amma sai a 2013 gwamnatin Faransa ta fito ta ce ba ta da sauran ƙarfi. Abin da zai ba ku mamaki, lokacin da wasu matan Amurka irin su Amelia Bloomer suka gwada sa wando a ƙarƙashin riga a 1851, sunan da ake kiran shigar shi ne shigar Turkawa. Domin a Turkiyya da Farisa da Indiya mata sun yi ƙarnoni suna sa wando mai yalwa, kuma a can sutura ce ta kamun kai. Irin riga da wandon nan ne da matanmu ke kira 'yan Pakistan. Tufa ɗaya, a wani gari kunya, a wani gari rashin kunya.

A shekarun 1930 taurarin fim irin su Marlene Dietrich da Katharine Hepburn suka mayar da slacks abin yayi. Amma abin da aka yafe wa tauraruwa ba a yafe wa kowa ba. A watan Nuwamba 1938 wata malamar makarantar yara ƙanana a Los Angeles, Helen Hulick, ta je kotu ba da shaida a kan wasu mutum biyu da ake zargi da fasa gida. Ku lura, shaida ce, ba ita ake tuhuma ba. Ta zo sanye da slacks. Alƙali Arthur Guerin ya ɗage zaman, ya ce ta dawo da riga irin ta mata. Ta gaya wa 'yan jarida cewa ba za ta canza ba. Ta dawo da wando, ya sake kora ta da gargaɗi, yana cewa shigarta tana ɗauke hankalin mutane daga shari'a. Ta sake dawowa da wando. Ya kama ta da laifin raina kotu, ya yanke mata kwana biyar. A gidan yari aka karɓe wandon aka ba ta rigar fursunoni. Lauyanta ya garzaya kotun sama, aka sake ta, wasiƙu suka yi ta zuwa kotun, daga bisani kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Da ranar ba da shaidar ta zo a farkon 1939, bayan ta riga ta yi nasara, sai ta zo da riga ta caɓa ado. Wannan matar daga baya, da sunan aurenta Helen Beebe, ta shafe shekaru tana koya wa yara masu matsalar ji yadda za su saurara su yi magana, kuma a wannan fanni aka fi sanin ta.

Yaƙin Duniya na Biyu ya yi abin da gardama ba ta yi ba. Miliyoyin mata suka shiga masana'antar makamai a Amurka da Birtaniya, kuma siket a gaban inji mai juyawa haɗari ne. Duk da haka sai a 1993 aka yarda mata su shiga zauren majalisar dattawan Amurka da wando, bayan sanatoci Barbara Mikulski da Carol Moseley Braun sun shigo da shi.

Akwai wata slack ɗin da ba 'yar gidan ba ce, kama ce kawai. Ita ce garin kwal, ɓarɓashin da ke ragewa bayan an tace manyan dunƙule, kuma ana ganin daga harsunan Holan da Jamus ta shigo. Bayan yaƙi, Birtaniya tana sayar da kwal mai kyau waje don biyan bashi, talakawa kuma suna ƙona mai arha mai hayaƙi, har da wani da ake kira nutty slack. Irin wannan kwal yana cikin abin da ya haddasa baƙin hazon da ya rufe Landan daga 5 zuwa 9 ga Disamba 1952. Ƙiyasin farko ya ce mutum 4,000 suka mutu, binciken baya ya kai adadin wajen 12,000. A arewacin Ingila kuma akwai ƙauyuka masu suna Slack, daga wata kalmar Bikin mai nufin ɗan kwari.

Daga shekarun 1960 sai kalmar ta fara samun masoya. A Amurka aka fara cewa cut me some slack, wato ka ɗan sassauta mini igiya, ka yi mini uzuri. A 1990 wani matashi a birnin Austin, Richard Linklater, ya yi fim mai suna Slacker da kuɗin da bai wuce dala 23,000 ba. Babu jarumi, babu labari ɗaya, kyamara ce kawai take bin matasa marasa tsayayyen aiki suna yawo suna surutu. Fim ɗin ya sa aka laƙaba wa tsarar matasan lokacin wannan suna. Manya suna faɗa da raini, su kuma yaran suka karɓa da alfahari, suna cewa ba aiki suka ƙi ba, aikin da ba shi da ma'ana suka ƙi. Duk matashin da ya gama digiri yana zaune a majalisa ana ce masa zauna-gari-banza zai gane zafin da ke cikin wannan musu, ko da yake na Austin yana da zaɓin da namu ba shi da shi. A Jamaika kuwa wata hanya kalmar ta bi. A can slackness na nufin batsa a waƙa, kuma mawaƙa irin su Yellowman sun yi suna da ita a shekarun 1980.

Sai manhajar. Wani ɗan Kanada, Stewart Butterfield, yana da kamfanin da ya ƙera wasan intanet mai suna Glitch. Wasan bai karɓu ba, aka rufe shi a ƙarshen 2012. Abin da ya rage musu shi ne wata 'yar hanyar hira da suka haɗa wa kansu don aiki tsakanin ma'aikatansu da ke garuruwa daban-daban. Suka gyara ta suka fitar a 2013 da sunan Slack. Wannan ne karo na biyu da hakan ta faru da mutumin, domin shafin hotuna na Flickr ma daga wani wasan da bai yi nasara ba ya fito. A watan Disamba 2020 kamfanin Salesforce ya sanar da sayen Slack a kan dala biliyan 27.7. Ku tambayi duk wani ɗanmu da ke yi wa kamfanin waje aiki daga Kaduna ko Abuja, zai gaya muku ƙarar saƙon wannan manhaja tana iya same shi ƙarfe goma sha ɗayan dare. Sunanta hutu, amma ita ce igiyar da mai gida yake ja.

Shi kuwa wandon, ƙaddararsa ta juya. Da jins ya mamaye duniya, sannan Levi's ta fito da wandon kaki na Dockers a 1986, ofisoshin Amurka kuma suka fara barin ma'aikata su sa kayan shan iska ranar Juma'a, sai ma'aunin ya sauka. Wandon da aka raɗa wa suna saboda walawa, yau a Amurka in aka ce ka zo da slacks ana nufin ka zo da wandon kirki mai karin guga, kada ka zo da jins. A Ingila kuma kalmar ta tsufa, in matashi ya ji ta sai ya tuna kakansa.

Nan za mu tsaya. Ku gaya mana a ƙasa, a garinku me kuke ce wa igiyar wando, zariya ko tazuge? Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.